Gizo Ƙyanda da Rumbun Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.

A cikin jikin wani yaro ɗan Mpape, can saman Maitama, akwai wani gari na dabbobi. Ganuwarsa fata ce, ƙofofinsa hanci da baki, an malala musu majina da yawu don baƙo ya maƙale.

Wanda ya tsallake, Kura ke tarbarsa. Ba ta tambayar ɗan gidan wane ne. In ba ɗan gari ba ne, haɗiya kawai. In baƙin sun fi ƙarfinta, Zakara ya yi cara, a hura wuta gari ya ɗau zafi. Zazzaɓin da ke hana uwa runtsawa ke nan. Hankaka kuma ya tsinci ƙyallen rigar ɓarawo ya kai unguwar Kaluluwa, inda Beguwa ke da maƙera. Gwana ce, kowane ɓarawo da kibiyar da ta dace da shi, sai dai aikinta da nawa: mako ɗaya ko biyu kafin ta gama. Shi ya sa in yaƙi ya ƙare ake kai wa tsoho Kunkuru samfurin kibiyar ya adana a rumbu. Ɓarawo ya sake dawowa, kafin ya kwance kaya an harbe shi.

Ran nan wani ya yi tari a ɗaki ya fita. Gizo Ƙyanda ya yi lilo a iska kusan awa 2, yaro na shigowa ya faɗa masa ta hanci. Bai tsaya sata ba, ya zarce gidan Kunkuru.

"Baba, barka da hutawa."

"Yawwa ɗan nan. Ban waye ka ba."

"Ai jikanka ne, Baba. Shara na zo taya ka."

Tsoho ya miƙa masa mabuɗi. Gizo ya shiga ya cinna wa rumbu wuta.

An dai yi yaƙi, gari ya yi ja da ƙuraje, Beguwa ta ƙera kibiya aka kashe Gizo. Kunkuru ya rantse har ya mutu ba zai manta fuskar nan ba, kuma bai manta ba. Mutanen gida suka ce ciwo ya wuce. Ina! Ba a jima ba sai ga Ɓeran Gudawa da Jaɓar Ciwon Huhu, tsofaffin ɓarayin da aka taɓa kora.

Kura ta zo a guje: "Baba, ina kibansu?"

Kunkuru ya dubi toka ya ce, "'Yar nan, su wane ne?"

A jikin yarinyar maƙwabta kuwa labari ya sha bamban. Tana wata 9 uwarta ta kai ta asibitin sha-ka-tafi, aka shigo da wani Gizo ta allura, ƙafafu a ɗaure, ba shi da kataɓus. Beguwa ta auna shi a natse, Kunkuru ya ƙare masa kallo. A wata 15 aka sake kawo shi. Da Gizon gaske ya zo da "Baba, barka da hutawa", bai rufe baki ba kibiya ta same shi.

Ƙurunƙus kan kusu.

Allurar ƙyanda kyauta ce a cibiyoyin lafiya na matakin farko daga Bwari, Kuje, Gwagwalada, Kwali, Abaji har cikin birnin Abuja. Iyaye mata, a duba katin yara.