Kuros Ɗin Furofela da Alluransa

A Azare har yanzu akwai dattijan da ke rantsuwa da tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Ka taɓa musu mota, ka taɓa musu uwargida.

To amma ko uwargida tana ciwon gwiwa. Idan Alhaji ya sa giya ya ji "ƙwas" a ƙarƙashi, ko ya kama hanyar Jama'are kujera ta fara karkarwa, ba aljanu ba ne. Kuros ɗin furofela ne ya gaji.

Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da ƙoƙonsa, kowane ƙoƙo cike da siraran allurai da giris ya riƙe. Bakanike mai hankali yakan yi alama kafin ya kwance, ya auna faɗin ƙoƙo da tsawon kuros, ya duba ko kilif ɗin na ciki ne ko na waje. Mai gaggawa kuwa sai ya aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano da saƙon "irin na wancan karon".

Kaya ya iso, guduma ta fito. Allura ɗaya ta kwanta a gindin ƙoƙo, kilif ya ƙi zama.

"Maigida, ai kayan yanzu ne, ba su da albarka."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya la'anci zamani, ya biya kuɗin mota zuwa Kano karo na biyu.