Jirgin da Ya Shiga Gidan Alhaji Ba Sallama

Sana'ar ɗaukar hoton biki ta rikice tun ranar da amare suka gane ana iya kallon su daga sama. A da, in ka zo da kyamara da fitila da yaro mai ja maka waya, magana ta ƙare. Yanzu kafin a zo batun kuɗi, babbar ƙawar amarya za ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kana da diron?" In ka ce babu, sai ta ce za su neme ka. Har amarya ta haihu ba za ka ji kiransu ba.

Da na gaji da jiran masu nemana, sai na kira ɗan yayata, yaron da ya san lungunan intanet fiye da hanyar makaranta, na ce ya yi mini bayanin jirgin nan mara matuƙi. Ya gyara zama. Ya ce yawancin waɗanda ƙwararru ke tashi na kamfanin DJI ne, wanda aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2006, ya fito da Phantom a 2013. Ya ce akwai ƙananansu da ake kira Mini masu nauyin giram 249, kuma da gangan aka rage giram ɗayan nan, don a Amurka daga giram 250 ake tilasta wa mai wasa da shi yin rajista.

"Kawu, abu uku za ka duba," in ji shi. "Na farko GPS, shi ke sa jirgi ya tsaya cak a sama ko ana iska, in ya daina jin rimot kuma ya dawo inda ya tashi. Na biyu gimbal, ɗan hannun nan mai injina uku da ke riƙe kyamara, jirgi na rawa hoto na zaune. Na uku batir. In kwali ya ce minti 31 kamar na Mini 2, to an auna ne ba iska. Ka sa ran minti ashirin da 'yan kai, ka kuma sayi na canji."

Ya ƙara da cewa tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta ce ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ba a wuce tsayin mita 120, ba a kusantar filin jirgi. Na ce wannan doka ta manyan jirage ce, ya faɗa mini farashi kawai. Ya faɗa. Nan take kaina ya sara.

Muka shiga kasuwar 'yan waya. A wani shago na hango wani kwali mai sheƙi, da hoton Bature a kan dutse yana nuna sama. An rubuta 8K da manyan baƙaƙe, ga kyamara har biyu, kuɗinsa kuma bai kai na batira biyu na wancan ba. Wanda yaron ke yabo 4K ne. Ko ɗan aji ɗaya ya san takwas ta fi huɗu.

"Yana da GPS?" yaron ya tambayi mai shago.

Mai shago bai ko kalle shi ba, ni ya kalla. "Alhaji, wannan ai ya wuce GPS."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma mutumin da ya gane darajata haka ba zai cuce ni ba. Yaron ya ɗaga jirgin, ya girgiza shi, ya nuna mini kyamarar a manne da cikinsa ba ta ko motsi, ya ce, "Kawu, wannan na yara ne. Araha fa ba ta ado." Na ce ni ba ado na zo saye ba.

Bikin farko da na samu ya faɗo tsakiyar hunturu, iskar arewa maso gabas na kaɗawa, hazo ya rufe gari. An kafa rumfa a kan layi, mata sun sha anko, makaɗa na yi. Na ajiye jirgi a ƙasa, na ce yara su ja baya, na gyara hula, na danna. Ya tashi da ƙugi, mata suka rangaɗa guɗa, babbar ƙawar amarya ta yi mini murmushin da ban taɓa samu ba. Ya kai tsayin katanga. Daga nan iska ta karɓi tuƙi.

Na tura shi hagu, ya yi dama, ashe ya juyo fuskarsa gare ni komai ya koma baibai. Na duba waya, hoton ya sandare a kan hular wani dattijo. Akwai wani maɓalli mai hoton gida a jikin rimot, na danna shi da ƙarfi. Jirgin da ba shi da GPS bai san gida ba; abin da maɓallin ke yi kawai shi ne ya sa shi ja da baya. Bayan nasa kuwa gidan Alhaji ne, maƙwabcin su amarya, mai mata uku, mutumin da ya rubuta "Ba Shiga" a ƙofar zaure da jan fenti, ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashi.

Muna kallo ya tsallake katanga. Aka ji ihun mata, aka ji kukan akuya, aka ji ƙarar murfin tukunya yana zagaye a siminti. Makaɗa suka ajiye ganga. Can sai ga Alhaji ya fito riƙe da jirgina ta ƙafa ɗaya kamar mushen kaza, miyar kuka na ɗiga daga farfelarsa.

"Wane ne direban wannan?"

Duk yaran da ke bina suna "Oga, Oga" suka nuna ni da yatsa lokaci guda.

Bayan la'asar muka gurfana gaban mai unguwa. Alhaji ya ce an leƙa masa iyali ta sama, abin da ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, iska ce." Mai unguwa ya ce iska ba ta sayen jirgi. Ya ce a kawo bidiyon a gani. Nan aka yi cirko-cirko, domin duk mazan da ke wurin babu wanda ya halatta ya kalli tsakar gidan Alhaji sai Alhaji. Aka miƙa masa waya, kowa ya kau da kai.

Ya kalla ya daɗe. Ya juya wayar ƙafa sama. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Abin da jirgin ya ɗauko wani jan hazo ne mai makyarkyata, sai wani baƙin abu da ya gilma, wanda har yau ba a daddale ko tukunya ce ko akuya ba.

"Ranka ya daɗe," Alhaji ya ce a hankali, "ban ga kowa ba. Ni kaina ban gane gidan ba."

Aka yanke mini biyan kuɗin miya da murfin tukunya, da sharaɗin kada in sake tashin komai a unguwar, ko da balan-balan ne, sai na sanar da mai unguwa da gidajen da ke kewaye.

A hanya yaron ya ce da na sayi wanda ya faɗa, da iska ba ta ja shi ba. Na ce to da ta ja shi fa? Da hannun nan mai injina uku ya zaunar da hoto, an ga matan Alhaji tar har da zanen lallensu, da yanzu tuwo yake kai mini ofishin 'yan sanda. Ya buɗe baki ya rufe. Yaran zamani ba su da hangen nesa.

Duk da haka na shiga adashi don sayen mai GPS ɗin, saboda amare ba sa karɓar hazo, kuma an ce in fara neman takardun izini tun kafin ɗaukata ta zo. Alhaji shi ma yana nasa shirin: ya ƙara wa katanga layin bulo, ya kuma saya wa yaransa maza danƙo, kowa da nasa.