Fatawar Majalisa a Kan Sayen Babur

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare, wani irin tawali'u ya sauko wa masu motocin ƙasar nan, wanda wa'azin shekara da shekaru bai iya saukar musu da shi ba. Har ya zamana mutumin da a da ko masallacin bayan layinsu ba ya zuwa sai a mota, yau ya lulluɓe ta da tamfol, ya tokare tayoyinta da duwatsu, ya shiga cigiyar babur. In ka tambaye shi wane iri yake so, sharaɗi biyu zai kafa maka: mai daɗin hawa, mai sauƙin gyara. Magana ce ta masu hankali, ba mai jayayya da ita. Sai dai akwai sharaɗi na uku da ba ya furtawa, alhali kuwa shi ne limamin sauran, watau abin da mutane za su ce in sun gan shi a kai.

Saboda wannan sharaɗin ne ba ya kai mas'alarsa wurin bakanike, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa hannu dumu-dumu cikin baƙin mai, sai ya kai ta majalisa bayan La'asar, inda muftai bakwai ke zaune a kan benci guda, biyar daga cikinsu ko keke ba su taɓa mallaka ba. Nan fa malamai suke rabuwa mazhaba uku.

Mazhaba ta farko ta 'yan Boxer ce, baburin nan na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, kuma wallahi hujjarsu tana da ƙarfi, domin ga shi da ƙarancin shan mai, ga haƙuri da gargada, ga shimfiɗeɗɗiyar kujera wadda ke ɗaukar maigida da uwargida da goyonta da yara biyu a kan tanki, a kuma ɗaura rago a baya in Layya ta matso; kayan gyaransa kuwa, daga Panteka ta Kaduna har ƙauyen da ba shi da asibiti, ba inda ba a rataye suke ba. Illarsa ɗaya ce tak, amma ita ce mai kisa. A Kano gwamnati ta hana acaɓa tun Janairun 2013, to amma a garuruwan da sana'ar ke nan da ranta, mutum yana iya cin ado, malum-malum da zanna bukar da turare, ya nufi ɗaurin aure, sai wata dattijuwa da ƙullin kayanta ta ɗaga masa hannu ta ce, "Yaro, nawa za ka kai ni kasuwa?" Wanda wannan ya taɓa samu ba ya ƙara sauraron hujja.

Mazhaba ta biyu ta 'yan roba-roba ce, su Jincheng da Lifan da danginsu na ƙasar Sin, waɗanda asalin siffarsu daga Honda Super Cub take, wadda Japanawa suka fitar a 1958. Roba-roba ita ce abin hawan malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, ba ta da kulocin hannu, ba ta ɓata bakin wando, tana kuma sa mutum ya yi kama da wanda ke da ofis. Sai dai robar tata ba ta yafe faɗuwa, shi ya sa kafin ta shekara za ka ga gabanta an huda an ɗinke da wayar tagulla, an manna hoton ɗan takara a kan tsagar don a rufa asiri.

Ta uku ta dattawa ce, ma'abota Vespa, 'yar Italiya da aka fara ƙerawa a 1946, mai garkuwa a gaba da ke kare riga daga taɓo, da tayar safiya a jikinta. Su ba su yarda an sake yin babur a duniya ba tun bayanta. In ta ƙi tashi, sai ka ga dattijo ya sauka cikin natsuwa, ya karkatar da ita gefe guda na ɗan lokaci, ya miƙar, ya buga, ta amsa da hayaƙi. In kuwa wani ƙarfe ya karye a cikinta, sai a bazama Ƙofar Ruwa ana tonon tsofaffin kaya, ana tambayar ko wani marigayi ya bar irinta a gado.

Bayan an sha muhawara har an kira Magariba, ijma'i ba ya ƙulluwa, sai mutumin namu ya je ya sayo wanda ya fi na maƙwabcinsa ƙyalli. Daga nan kuma sai a shiga ladubban sabon babur, waɗanda ba a rubuta su a littafi ba amma ba mai saɓa musu. Ledar da aka naɗe kujera da ita ba a cire ta, ko da zafin Afrilu zai narkar da ita ta manne wa wando, domin ita ce shaidar cewa sabo ne fil. Madubai biyu kuwa, waɗanda maƙeran suka wahala suka daidaita don mutum ya ga tirelar da ke bayansa, su ake fara kwancewa tun a bakin shago, wai kada a ce baƙauye ne. Saurayi kuma ya ƙara da fasa salansa, don yarinyar da yake nema ta ji tahowarsa tun daga titi, tare da mahaifinta da duk majinyatan unguwar. Batun hular kwano ba sai na daɗe a kai ba: da hukumar kiyaye haɗura ta wajabta ta a farkon 2009, har ƙwarya aka ga wasu sun kifa a ka suna ratsa titunan Kano.

To, ina aka kwana a zancen sauƙin gyara? Hakikanin magana, babur ɗan talakan inji ne, buƙatunsa ba su da yawa: a juye masa baƙin mai a kan kari, a ɗaure sarƙa a shafa mata mai, a goge filogi, a wanke abin tace iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Amma mutumin da bai taɓa fashin kai shi wurin wanki ran Juma'a ba, shi ne wanda wata biyar bai leƙa ma'aunin baƙin mai ba. Ranar da injin ya buga, sai ya turo shi yana haki, yana tsine wa kamfani da ƙasar da aka yi shi.

Bakanike ya kwance, ya tara tsohon gwangwani, wani abu mai kaurin kwalta ya ɗigo sau uku ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da juye?"

"Ai cewa aka yi ba ya ba da wahala."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, shi bai ba ka ba. Fistin da ringi za a saya."

Akwai kuma wata musiba da ke bin babur mai daɗin hawa, wadda muftan majalisa suke sane da ita sarai amma suka ɓoye, domin su ne masu cin moriyarta, watau aro. Wannan zai kai matarsa awo, wancan zai je ta'aziyya nan kusa, ashe nan kusan Wudil ce. A dawo maka da shi tanki a bushe, birki ya saki, a haɗa da "Allah ya saka da alheri", kai kuwa kunya ta hana ka ko tari.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in niyyarka ta tabbata, ka wuce majalisa ka yi musu sallama daga nesa, ka je ka tambayi bakaniken unguwarku wane babur ne kayansa ke rataye a shago mafi kusa da gidanka, ka sayi wannan, ka yage ledar, ka bar masa madubansa. Mas'alar aro ce kaɗai ba zan ba ka fatawa a kanta ba, domin ina da ta'aziyya jibi, kuma wurinka zan zo.