Ido Ma Ana Yi Masa Wayo

Babu abin da ke motsi a fim ɗin sinima. Hotuna ne tsayayyu, 24 a kowace daƙiƙa, ake jero maka su, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da kanta, ta rantse jarumi gudu yake. Shi ya sa wani lokacin tayar mota ke juyawa baya alhali motar gaba ta nufa.

Yanzu ga wayoyi masu sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. Da can sau 60 ya ishe ka har da guzuri. Ka ɗan latsa sabuwar kuwa, sai tsohuwarka ta fara ɗingishi a idonka, ita da lafiyarta lau. In aljihu ba nauyi, malam, kada ka taɓa ta a shago.