Ja a dama, fari a hagu

Kawuna na Sabon Birni yana da wata tsohuwar amfilifaya da ta girme ni, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Da ɗansa ya aiko masa da sabuwar talabijin daga Sakkwato, sai aka duba bayanta, babu ramin ja da fari, sai wani ɗan rami mai tsartar jan haske. Ita talabijin da lambobi take magana, amfilifaya kuwa ba ta jin wannan yare. Dole aka sayo ɗan akwatin da zai yi musu tafinta.

Aka kira mai gyaran rediyo, wani Bayarabe, abokin wasanmu mu Gobirawa. Ya soka wayar haske a akwatin, ya ba shi wuta ta USB, ya ce, "Baba, ja na dama ne, fari na hagu."

Kawu ya ce shi jikan mutanen Alkalawa, ba Bayarabe ne zai koya masa dama da hagu ba. Ya fizge wayar ja da fari ya cusa a ramin garmaho na amfilifaya, wanda aka yi don raunannen sautin allura. Lasifika ta kwarara wata ƙara, awaki suka tsinke igiya.

"Baba, tun da Alkalawa ta faɗi a 1808 ba a ji irin wannan a Gobir ba," in ji Bayaraben.

Ya mai da wayar ramin AUX, ya saita talabijin a PCM, murya ta fito tas. Kawu ya biya kuɗin aiki, amma har yau cewa yake shi ya gyara.