Famfon Alhaji

A Amurka, da hunturu ya kama, masu gidajen haya roƙon 'yan haya suke yi su bar famfo yana ɗiga cikin dare. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai bututu ya fashe. Wasu 'yan hayar kuwa su yi kunnen uwar shegu.

Da masu gidajen sun aiko Yelwa ta Yauri, da an ba su aron ƙwararru.

A nan mai gida zai haƙa burtsatse, ya ɗora tanki, ya sayi fetur ya tayar da janareta. Kafin la'asar tanki ya zama fanko. Tsakar gida ta koma tafkin Kainji na biyu, ba tare da wahalar gina madatsa irin ta 1968 ba. Agwagin maƙwabta sun riga sun tare, ba su biya ko sisi ba.

A tara kowa, babu wanda ya san famfon. Mai ɗakin ƙofa ma cewa yake, "Alhaji, ni fa ko alwala a masallaci nake yi."

Daskarewa dai ba ta cikin lissafi. A watan Afrilu ruwan bututun ya isa haɗa shayi. Yanzu an sa wa famfon kwaɗo, makullin yana aljihun Alhaji, Alhaji kuma ya tafi Birnin Kebbi sai jibi.