Ma'abota Takardar Uzuri

Tun da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta hukunta, a sashe na 16, cewa ma'aikaci yana da haƙƙin kwana 12 na aiki a shekara da zai yi jinya ba a taɓa masa albashi ba, bisa sharaɗin likita mai rajista ya shaida ciwon, sai aka wayi gari mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon magani an naɗa shi alƙali, alƙalin kuwa ba muhuti, ba shaidu, ba rantsarwa, alhali ciwon baya da ciwon kai, waɗanda su aka fi kawo masa ƙararsu, babu ma'aunin da ke gaskata su ko ya ƙaryata.

Mafi sammako cikin masu ƙara shi ne ma'abucin zazzaɓin Litinin, wanda ke shigowa lulluɓe da bargo ko da ana tsakiyar bazara, yana nishi yana salati, in aka zare ma'aunin zafi daga hamatarsa aka ga 37 cif, ba ya jin kunya, sai ya ce, "Ai a cikin ƙashi yake, Likita." Yakan shigo yana ɗingisa ƙafar dama, in takarda ta shiga aljihu ya fita yana ɗingisa ta hagu.

Bayansa sai shehin malami, wanda ya hardace alamomin cuta kamar yadda almajiri ke hardace allonsa, ya karanto su bi da bi ba tuntuɓe, ya yi wa kansa fatawa cewa taifot ne da maleriya, sa'an nan, don rangwame, ya ce kwana uku ma sun wadatar. Akwai kuma wakili, wanda ke zuwa da katin yayansa ya ce jiki ya yi tsanani har ba ya iya tasowa. Galibi majinyacin yana ƙauye wajen ɗaurin aure.

Amma wanda ya fi su nauyi duka shi ne dattijon unguwa, wanda ba shi da ciwo kuma bai yi da'awar yana da shi ba. Ɗansa ne ya zarce da hutun Babbar Sallah har mako guda, ofis na neman hujja, shi kuwa abin da yake roƙo ƙanƙane ne, watau a mai da kwanan wata baya. Sai ya gaisa a natse, ya tambayi iyali ɗaya ɗaya, ya tuna wa likita cewa da shi aka sallaci mahaifinsa, ya rufe da, "Taimako ne, ɗana." Nan likita zai yi ta juya alƙalami, domin ya san shaidar zur tana cikin kaba'irai, ya san majalisar likitoci tana iya karɓe lasisi a kanta, ya kuma san gobe da asuba sahu ɗaya za su tsaya.

Can wajen la'asar birkila zai shigo, jininsa ya hau har 190, idanu jajur, likita ya ce lalle ya kwanta mako guda, ya jawo takarda zai rubuta. Shi kuwa da yake kuɗin yini ake biyansa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zan kai wa? Ba ni ƙwaya dai, mun kwaɓa siminti."